Kujerar Ikrima da Allo Biyu

In ka tambayi labarin Ikrima a Soron Ɗinki, wasu za su ce taurin kai gare shi, wasu su ce rowa ce ta hana shi sayen manhaja irin ta kowa. Baba Gambo mai shayi kuwa cewa yake, wanda ya yi wa kwamfuta ɗaya fuska biyu, a yi hattara da shi. Ni dai maƙwabcinsa ne, zama nake a shagonsa na buga takardu ina saurare.

Manhajar Linux ce a kwamfutarsa, ba a sayenta, kuma kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka ɗinka ta. Ina ma haka alkawarin manya yake. Allo biyu ya jona mata: ɗaya na kallon bencin masu kawo aiki, ɗaya na kallon kujerarsa. Da linzamin kwamfuta yake jan takarda daga wannan zuwa wancan, kamar mai miƙa kwano ta katanga.

To, jiya aka ce Mai Girma Sarkin Alkawari zai leƙo. Shekara huɗu ke nan da ya aza mana harsashin rijiyar burtsatse, har yau ruwan 'yan garuwa muke sha. Dattawa suka sa a buga wasiƙa biyu: ta godiya, ko ya ji daɗi ya ƙarasa aikin, da ta ƙorafi, a ajiye ta ko da godiyar ba ta ci ba. Ikrima ya sa godiya a allon benci, ya bar ƙorafi a nasa.

Babu wuta, man janareta ya yi ƙasa. Ikrima ya ɗauki jarka zuwa layin mai a Ƙofar Kabuga.

"Malam Ɗayyabu, riƙe min shago. Ƙarfe goma Mai Girma ya ce, ka san sai la'asar."

Ranar wanka ba a ɓoye cibi: sha ɗaya sai ga motoci.

Jama'a, ku yi min adalci. Mutum da babbar riga har ƙasa, in ce ya zauna a benci kamar mai neman cike fom? Ba haka aka rene mu ba. Na karkaɗe masa kujerar Ikrima, mai katifa.

Da furfura na koyi boko, na san mai karatu a hankali in na gan shi. Ya ƙura wa allon gabansa ido, leɓɓansa na motsi har ya iso inda muka ce alkawarinsa kamar ɗiban ruwa da kwando.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ranka ya daɗe, taka tana ta wancan gefen."

"Wannan kuma ta wa?"

Ina neman amsa Ikrima ya shigo da rabin jarka. Ya dubi baƙo, ya dube ni, ya ce a hankali, "Malam, bencin fa?"

"Yana nan lafiya."

Mai Girma ya miƙe yana tattara riga. Baba Gambo ya zungure ni: "Ba shi haƙuri, kafin a zo a kwashe harsashin ma."

Ban saba ɗaga murya ba, amma ruwan unguwa ne. Na russuna na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Shekara huɗu ana zaunar da kai inda ya dace, ni ne na yi gangancin kai ka inda ake ganin gaskiya. In sha Allahu ba za a ƙara ba."