Farin Fili a Taswirar Yallaɓai

Ba kowane gari ne Allah ya yi wa baiwa da mutum irin shugaban ɗakin bayanai na hukumar agajin gaggawa ba. Wasu garuruwan, in bala'i ya afka musu, sai jami'ai sun sa takalmi sun fita sun duba. Wannan garin kuwa an hutar da shi, domin Yallaɓai yana ganin komai daga kan kujerarsa mai juyawa, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. A ƙofar ofishinsa ya manna takarda da manyan baƙaƙe: GANI YA KORI JI. Ma'aikata suka karanta, suka ga ta dace da mai ita, suka mayar da ita sunansa in ba ya kusa.

Ganin da yake nufi shi ne wani allo mai faɗin bango guda, da taswirar garin a kansa. Ya koyo aikin allon ne a wani kwas na mako biyu a ƙasar waje, kwas ɗin da yake ƙara tsawo duk lokacin da ya ba da labarinsa, har bara ya kai shekara ɗaya da rabi. Daga can ya dawo da wata 'yar fitila mai kama da biro, mai fitar da jan ɗigo. Tun daga ranar bai sake nuna komai da yatsa ba. Ko kofin shayi yake so a miƙo masa, sai ya haska shi.

Aikin taswirar ba wuya. Duk mai waya yana iya aiko da rahoto, ya ce bango ya tsage ko rufi ya rufta. Kowane rahoto sai ya zama ɗigo ja a kan allon. Inda ɗigo ya yi yawa, wurin ya yi jawur. Inda ba a aiko komai ba, ya zauna fari fat. Sai kuma Yallaɓai ya ƙara hikimarsa, wadda ya kira ma'aunin gaskiya. Rahoto mai hoto tauraro ɗaya. In wayar ta nuna inda mai ita yake, tauraro biyu. In maƙwabta sun aiko irinsa, uku.

"Rahoton da ba hoto," in ji shi a kowane taro, "jita-jita ce ta sa riga. Ni ba na aiki da an-ce. Ni ina aiki da ilimi."

A can ƙuryar ɗakin, tsakanin injin kwafe takardu da kwandon shara, akwai teburin matar da take tace rahotannin kafin su hau allo. Shekara huɗu tana wurin, Yallaɓai bai taɓa wahalar da kansa ya riƙe sunanta ba. "Ke ta kusurwa," yake cewa, har kowa ya koma kiranta Ta Kusurwa. Ita da mahaifiyarta suke zaune a unguwar tsallaken gada, a ɗakin ƙasa na wani tsohon bene mai hawa biyu.

Ranar da ƙasa ta girgiza, ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu na safe, Ta Kusurwa tana cikin bas, ta riga ta haye gada. Ta bar tsohuwar tana shanya wanki a bayan ɗaki. Da ƙasa ta lafa, ta kira wayarta, ba ta shiga ba. Ta kira tela na ɗakin gaba, ta kira mai shagon bakin titi, duk shiru. Ta juya za ta koma, ta tarar dogon ƙarfen sadarwar waya ya faɗo ya gindaye bakin gadar, ya jawo bangon wani sito tare da shi, ba mota ba, ko mai ƙafa ba ya wucewa. Nan ta tuna cewa a duk hukumar katafila ɗaya ce tak mai lafiya, kuma taswira ce za ta faɗi inda za a kai ta. Sai ta nufi ofis da gudu.

Yallaɓai bai iso ba sai tara saura, domin sai da ya tsaya aka goge masa rigar agaji, mai aljihu goma sha biyu, wadda ba ta taɓa sanin ƙura ba. Ya tsaya gaban allo, hannu ɗaya a baya, ya ja numfashi kamar manomin da ya ga gonarsa ta yi kyau.

"Jama'a, ku duba. Yau ranar da na daɗe ina gaya muku ce. Garin nan gaba ɗaya yana tafin hannuna."

Unguwar kan tudu, inda manyan gidaje suke, ta yi ja kamar an yanka rago a kanta. Rahoto ɗari huɗu da 'yan kai, kusan duk masu tauraro uku, domin a can kowa waya biyu gare shi, har da masu gadi. Ta Kusurwa ce ta tace su, ta san abin da ke ciki. Tukunyar fure ta kife. Madubin banɗaki ya tsage. Wani bawan Allah ya aiko hoto tara na fitilar falonsa, daga kowane gefe. Rahoto na farko da ya shigo ma na Yallaɓai ne da kansa, shi ma a tudun yake zaune: takardar shaidar kwas ɗinsa ce ta faɗo daga bango, gilashin ya fashe.

Unguwar tsallaken gada kuwa ko ɗigo ɗaya babu.

Ta Kusurwa ba ta iya jawabi, amma ta iya aikinta. Ta zauna, ta ciro adadin saƙonnin da kowace unguwa take aikowa a ranakun da ba komai, ta zana su a layi. Tsallaken gada ce ta fi kowa ƙorafi a garin: kwata ta toshe, ruwa ya ɗauke, rami a titi, kullum ba su fasa saƙo sittin ba. Yau ma sun fara tun shida na safe. Layin ya hau, ya hau, ya kai bakwai da minti goma sha biyu, ya faɗi ƙasa ya kwanta. Ta buga shi a takarda ta kai masa.

"Yallaɓai, don Allah a duba wannan. Mutanen nan ba su taɓa yin shiru na awa ɗaya ba. Ƙarfen wayarsu ne ya faɗi, na gan shi da idona. Ba lafiya ce ta sa suka yi shiru ba."

Ya karɓi takardar da yatsu biyu, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Wannan kuma mene ne? Ba launi, ba suna, layi ɗaya kamar tsutsa. Ke ta kusurwa, abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Kin ce kin gani da idonki. Ina hoto?"

"Ban tsaya ɗauka ba, Yallaɓai. Mahaifiyata tana can."

"To kin gani. Son zuciya ya shigo cikin lissafi. Mai ciwo shi ke nishi, wannan ko a ƙasar waje haka aka koya mana. Unguwar da ba ta yi nishi ba, me za mu je mu yi mata?" Ya haska farin filin da jan ɗigonsa, ya zagaye shi sau biyu. "Wannan unguwa abar koyi ce. Ginin da, mai ƙwari. A rubuta: katafila ta tafi tudu."

Kowa ya koma kan aikinsa. Duk ɗakin sun san gaskiya, amma kowa yana da 'ya'ya a makaranta. Ta Kusurwa ta ɗauki takardarta daga inda Yallaɓai ya yar da ita, ta sauka ƙasa.

A farfajiya ta sami direban katafila, dattijo mai furfura a gemu, yana ɗaure ta a kan babbar mota. Ta miƙa masa takardar ba tare da dogon bayani ba. Bai yi kwas a ko'ina ba, amma ya bi layin da ɗan yatsansa mai baƙin mai har inda ya faɗi, ya daɗe yana kallon wurin.

"'Yata, shekara ashirin ina tono mutane. Inda ake ihu, da sauran ƙarfi. Inda aka yi tsit nake fara zuwa."

"Baba, za su iya korarka."

"Su kora. Hau mu tafi."

Sai da suka ci awa biyu kafin su ture ƙarfen da bangon siton daga bakin gada. Abin da suka tarar a tsallake ba ya bukatar tauraro. Layi guda na gidaje ya durƙusa. Maza da mata suna tono da hannu, da faranti, da murfin tukunya, kowa wayarsa a aljihu cike da saƙon da ya ƙi tafiya. Benen su Ta Kusurwa ya zauna a kan ɗakunan ƙasa. Wajen ƙarfe biyu katafila ta ɗaga wani falan siminti, aka ji tari a ƙarƙashin matakala. Tsohuwar ce, ƙafarta ɗaya a danne, wayarta a hannu. Ta Kusurwa ta durƙusa cikin ɓaraguzai ta riƙe wannan hannun, ta yi kukan da ta haɗiye tun safe. Tela na ɗakin gaba kuwa an fito da shi jikinsa da sauran ɗumi. Wani ma'aikacin jinya ya ce da an zo da hantsi, da wataƙila.

A tudu kuma, an ce, mutane sun jira katafila har suka gaji, suka sa masu aikinsu suka share tukwanen furen.

Ƙarfe huɗu Ta Kusurwa tana zaune a bencin asibiti, an shiga da tsohuwar ɗaurin ƙafa. A bango akwai talabijin, sai ga Yallaɓai a ciki kai tsaye, gaban allonsa, 'yan jarida sun kewaye shi, shugaban hukuma na zaune a gefe yana gyaɗa kai. An sake goge rigar.

"A da," yake cewa, "sai a yi ta yawo a rana ana tambayar mutane. Yanzu ilimi ya zo. Ku dubi nan." Jan ɗigon ya sauka a tsallaken gada. "Fari tas. Ko tsagewar bango babu. Ina ba da shawarar a ba mutanen unguwar nan lambar yabo, a kuma tura injiniyoyi su koyo sirrin gininsu."

Abin da bai sani ba, a daidai lokacin kamfanin waya ya gama kafa ƙarfen wucin gadi a bakin gada. Saƙonnin da suka maƙale tun safe suka sami hanya, ga shi ba mai tace su a kusurwa. Ɗigo ɗaya ya fito a ƙarƙashin jan haskensa. Ya ɗan girgiza fitilar, yana zaton ita ce. Sai goma, sai ɗari, sai allon ya fara ƙara kamar an taɓa gidan rina. Kafin ya rufe baki, tsallaken gada ta yi jan da tudu bai taɓa yi ba, rahoto dubu da ɗari bakwai, kowanne da lokacin shigowarsa a gefe: huɗu da minti goma.

Da wani ne, da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige, tunda yau ma ta nuna tana iyawa. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Yallaɓai ya gyara wuyan riga, ya dubi agogo, ya dubi kyamara.

"Jama'a, kun zama shaida. Girgizar ta iso unguwar tsallaken gada yanzun nan, ƙarfe huɗu da minti goma daidai. Ba don taswirar nan ba, wa zai gan ta tana isowa? A tura katafila maza."

Shugaban hukuma ya fara tafi, sauran suka bi.

Washegari da hantsi masinja ya kawo wa Ta Kusurwa ambulan har bakin gadon tsohuwar a asibiti, ya ce direba ma an ba shi irinta. Takardar tuhuma ce, da sa hannun Yallaɓai mai kama da igiyar da ta harɗe. Ana so su yi bayani cikin kwana biyu, dalilin da ya sa suka kai katafilar hukuma wurin da girgizar ƙasa ba ta riga ta isa ba. A ƙasa an liƙa jerin rahotannin unguwar da ma'aunin gaskiya ya yi watsi da su. Na goma sha ɗaya daga lambar wayar tsohuwar ne: "Ina ƙarƙashin matakala, ina da rai." Ba tauraro ko ɗaya, an rubuta a gefe, ba hoto.

Tsohuwar ta ga fuskar 'yarta ta canza, ta ce a karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, idonta a kan ƙafar da aka rataye mata da igiya.

"Mai jar fitilar nan na talabijin, shi ne oganku?"

"Shi ne, Inna."

"To ai da ganinsa mai ilimi ne. In kin koma ki gaishe shi da kyau. Ki ce ina tambaya, tunda girgizar sai da yamma ta zo, mene ne ya kwanta a kan ƙafata tun safe?"