Rasuwar Hajiya Ceɗiya ta Bayan Raga

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Abdulƙadir Ɗambatta, golan ƙungiyar ƙwallon 'yan kasuwar Sanyuanli a nan ƙasar waje, nake sanar da 'yan'uwa, Kanawa da Damagarawa da mutanen zangon Kumasi, rasuwar uwarmu Hajiya Ceɗiya, wadda ta yi rayuwarta a tsaye bayan ragar gabas, a filin ƙwallon kwalejin nan ta unguwarmu. Ta rasu bayan doguwar jinya. Babu wanda ya san shekarunta, ko mai share filin ya ce a haka ya tarar da ita.

Marigayiyar mai sakin fuska ce ga baƙo. Ban taɓa jin ta tambayi mutum fasfo ba, kuma ku da kuka san yadda bizata ta mutu ta bar ni, kun san abin da hakan yake nufi. Titin Huanshi ya fi ƙarfina saboda masu duba takardu, kuɗin jirgin gida ya fi ƙarfina, ɗakina ko taga babu. Ta ɓarakar katangar baya nake shiga in zauna a gindinta, in ji ni ma mutum ne mai wurin zuwa.

Ita ce shaidar wasan ƙarshen zangon karatu tsakanin ɗalibai da mu masu tumbi. Wanda ya ci shi ke ɗaura ƙyalle a saiwoyinta masu reto. Ɗalibai na ɗaura ja, mu muna ɗaura guntayen yadin da ɗan ƙungiyarmu Salihu ke tsinto mana a kasuwar tufafi ta Shisanhang. Gaskiya ja ya fi yawa, kuma ba laifin gola ba ne, ko me abokin wasanmu Zakaria zai faɗa muku. Ƙwallayen da suka wuce ni, marigayiya ce take tare su da ƙirjinta, dum, ba ta taɓa yi mini gori ba. In iska ta taso sai ta ce shuuu, kamar mai lallashin yaro.

Ciwon ajali ya soma ne bayan guguwar bara, da ta tsage mata babban reshe. Gara ta samu ƙofa. Hukumar makaranta ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya gani: an kafa mata sandunan ƙarfe ta dogara, an rataya mata ledar ƙarin ruwa da allura a jiki kamar mara lafiya a gadon asibiti. Zakaria ya yi mata tofi, ɗalibai suka sa ta a waya suna neman taimako. A kwanakin ƙarshe ba ta cewa komai sai ƙiii, a hankali. Da Salihu ya tambayi mai kula da itatuwan ko akwai sauran magani, sai mutumin ya girgiza kai ya ce "meyo", wato babu, irin yadda mai kanti ke cewa kaya sun ƙare.

Ta bar tsuntsaye marasa adadi, da bencin da aka yi da katakon kwantena, da Zakaria wanda yanzu bai san inda zai shimfiɗa darduma ya yi la'asar ba. Ta bar magada kuma, wasu 'yan shuke-shuke sirara da aka kawo a mota, kowanne an ɗaure shi da sanda don kada ya faɗi. Muna yi musu fatan alheri. An ce kada a ɗaura musu komai sai sun yi ƙwari, kuma kafin su yi inuwar da za ta rufe mutum, Allah kaɗai ya san wa ke nan.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, da zarto mai inji. An riga an toshe ɓarakar katanga, don haka masu halarta su bi ta babbar ƙofa, su nuna fasfo, na'ura ta duba fuskarsu. Ni zan bi gawa da ido daga kan gadar tsallaka titi.

Masu ta'aziyya su same ni a ɗaki, don ba inda za ni. Roƙona ɗaya: wanda zai koma Kano kada ya kai labarin nan gidana. Kullum daga gindinta nake kiran 'yata Surayya ta bidiyo, kuma har yau yarinyar ta ɗauka tsakar gidan babanta ne.