Yadda Za Ka Nutsar Da Kyamarar Surukinka A Kwale-Kwale

Bi matakan nan, na yi maka alkawarin kafin azahar kyamarar ta sha ruwa ta ƙoshi. Maƙwabcina Morihide ne ya gwada su a bakin tekun Ishigaki, kuma bai kuskure ko ɗaya ba.

1. Ari ta wanda kake jin nauyinsa

Kada ka sayi mai jure ruwa, wannan aikin matsorata ne. Morihide ta surukinsa ya ara, tsoho Gushiken, wanda ke shafa kyamararsa da ƙyalle kullum kamar jaririya. "Da ita na ɗauki hoton bikinku," in ji tsohon. "Ka kula." Kai ma ka rusuna ka ce, "Baba, ai tana hannun gwani."

2. Raina kwanson

Za a ba ka kwanson roba da ke hana ruwa shiga. A bakin murfinsa akwai zobe, wai sai an wanke shi, an shafa mai, an gwada a bokiti. Harue, matar Morihide, ta ce masa, "Baban Mirei, ka gwada tukuna mana." Ya ce, "Ke, teku za ni ko wanki?" Haddace wannan amsar.

3. Miƙe tsaye

Kwale-kwalen mutum ɗaya don zama aka yi shi, amma wa ya taɓa yin suna a zaune? Da kunkurun teku ya leƙo, Morihide ya saki filafili ya miƙe. Shi da kunkurun suka gaisa a ƙarƙashin ruwa. Da ya taso, kyamarar na iyo a cikin kwanson, har da ɗan yashi.

4. Binne ta a shinkafa

Masana sun ce shinkafa na tsotse ruwa. Ba su ce ta gidan wa ba. Morihide ya lallaɓa kicin ɗin surukinsa ya tura ta cikin buhu. Da rana tsohon ya zo ɗibar ta girki, ya zaro ta da igiyarta, ya daɗe yana kallonta. "Tun ina saurayi nake sayen shinkafa," ya ce, "yau ne aka fara saka min kyauta."

5. Nemo mai laifi

Silin gashi ɗaya in ya maƙale a zoben, ya isa ruwa ya shiga. Riƙe wannan ilimin da kyau. Morihide ya ce, "Baba, anya ba gashinka ne ya maƙale ba?" Tsohon ya ɗaga hularsa a hankali. Kansa na ƙyalli kamar ƙwai. Harue ta fita waje don ta yi dariyarta a tsanake.

Gargaɗi: in ka bi shawarata aka daina gayyatarka cin abinci gidan surukai, ba ruwana. Ni ko iyo ban iya ba, daga kan gaɓa na kalli komai.