Abin da Na Rubuta a Allon Baya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da kaset ɗin bikin gidan Alhaji Barau. Kaset kansa yanzu ya zama tarihi, amma in na tuna sai abinci ya fita a raina.

Lokacin ina aiki a wani ɗan shagon ɗaukar bidiyon biki a Aziziyya, nan Jidda. Ba ni ke riƙe kyamara ba, ni ne mai ɗora sunaye a kan hoto. Kayan aikina wata tsohuwar kwamfuta ce irin ta gida, wadda ta yi jaja-jaja don tsufa, maigidan shagon ya tsinto ta a kasuwar gwanjo. Tsohuwa ce, amma tana da wata bajinta guda: tana buɗe allo biyu ko uku a lokaci ɗaya, wani a bayan wani, kowanne na aikinsa. In ka kama saman allon gaba da ɓera (abin nan mai wutsiya da ake turawa a kan tebur) ka jawo shi ƙasa, sai ya sauko kamar labule, na baya ya leƙo. Ni kaɗai na iya wannan a shagon, kuma na tabbatar kowa ya san ni kaɗai na iya. Wanda duk ya shigo, ko batir ya zo saye, sai na nuna masa.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku waye Baba Idi. Shi ne dattijon da ya tsince ni lokacin da na zo umra na ƙi komawa, ba iƙama wato takardar izinin zama, ba dangi, ba ko tabarma. Ya ba ni kusurwa a ɗakinsa na Ruwais, shi ya kai ni wurin mai shagon ya ce, "Ɗana ne." Shara yake yi a wani sito a Madinar Masana'antu, shekara da shekaru. Amma a garinsu can gida, manajan sito aka san shi. Ƙarya ce da ya yi tun yana matashi, ta girma tare da shi har ta fi ƙarfinsa. Da tsintsiyar nan ya gina gida, ya yi wa 'ya'yansa karatu. A shekarar bikin ya gama shirin komawa gida gaba ɗaya bayan aikin Hajji, kuma burinsa guda ne, ya sauka a matsayin da aka san shi.

To a wancan zamanin kaset ɗin biki ba na ango da amarya ba ne kawai. Wasiƙa ce. Ana buga kwafi a ba matafiya su kai gida, unguwa ta taru a kalla, kowa ya ga nasa yana raye kuma yana cikin rufin asiri. Shi ya sa duk wanda ya fito a hoto sai an rubuta sunansa da sana'arsa a ƙasa. Mai wankin mota ya zama ɗan kasuwa, mai gadi ya zama jami'in tsaro. Kowa ya sani, ba mai tona wa kowa. Ni ke rubutawa da hannuna.

Mutane sun yi yawa a bikin Alhaji Barau, ba duka na sani ba, sai na buɗe allo na biyu a baya na jera wa kaina tuni: mai jar hula wane ne, mai sanda wane ne, me za a rubuta masa. Da a nan na tsaya da lafiya lau. Amma ni ɗin nan gwanin barkwanci ne a wurin kaina, sai na riƙa ƙara ɗan gishiri a gaban kowane suna, ina dariya ni kaɗai. Da na zo kan Baba Idi (mutumin da nake kwana ɗaki ɗaya da shi, wai shi ma sai na rubuta don kar in manta) na buga: "Baba Idi, manajan sito. Manajan tsintsiya dai. Rigar ma ta aro ce."

Ina cikin naɗar kaset ɗin, sunaye na hawa kan hoto ɗaya bayan ɗaya, sai ga Khalid, ƙanin ango. Haifaffen Jidda ne, yana jin Hausa sarai amma in zai yi ta sai ya yi ta tuntuɓe.

"Yalla ya akhi, ba ka gama ba? Akwai masu tafiya gobe da safe."

"Saura kaɗan," na ce. "Amma zo ka ga wani abu da ba ka taɓa gani ba."

Na kama allon gaba na jawo shi har tsakiya, na baya ya bayyana. Na mayar, na sake jawowa, a hankali wannan karon, don ya more. Na yi masa bayanin yadda sababbin kwamfutocin ofis ma ba su iya haka ba. Ya ce, "Mashallah," yana duba agogo. Ko harafi ɗaya bai karanta ba.

Abin da ban yi ba shi ne danna maɓallin tsayar da naɗi. Duk abin da ke kan allo, kaset na ɗauka. Kuma da na gama ban sake kallonsa ba, don gwani ba ya duba aikinsa. Na buga kwafi shida, da safe aka raba wa matafiya.

Bayan la'asar aka taru a falon Alhaji Barau don kallo. Maza sun cika wurin, ana zagayawa da shayi. Baba Idi na zaune a sahun gaba, kusa da babban ɗansa Malam Nuhu, malamin makaranta da ya zo umra a makon, karonsa na farko a ƙasar. Tun zuwansa Baba Idi ya ɗauki hutu don kada ɗan ya gan shi da kayan aiki. Ni kuma na zauna dab da talabijin, inda yabo zai same ni ba tare da ya sha wahala ba.

Yawancin dattawan ba sa karanta boko, don haka akan sa mutum ɗaya ya riƙa karanta sunaye da ƙarfi. Khalid ya ce shi zai yi, wai yana koyon Hausa. Duk sunan da ya karanta sai a yi shewa, a daki kafaɗar mai shi.

Sai ga Baba Idi a hoto, cikin babbar riga ruwan ƙasa, yana gaisawa da ango. Wallahi ya yi kyau. Sunansa ya hau. Sannan na ga sunan ya fara zamewa ƙasa, rubuce-rubucena na allon baya, farare, sun sauko a kan ƙirjinsa, layi-layi. Na gane su tun kafin su gama fitowa. Suka ɓace. Na ce Alhamdulillahi a zuci. Suka dawo, a hankali wannan karon, don kowa ya more.

Khalid ya karanta, gaɓa-gaɓa, kamar mai bita a allo: "Ma-na-jan tsin-tsi-ya dai. Rigar ma ta a-ro ce." Ya juyo yana murmushi, yana jiran a yaba masa. "Sah? Daidai na karanta?"

Wani daga baya ya fara dariya, ya haɗiye ta. Alhaji Barau, wanda rigar tasa ce, ya sunkuyar da kai. Talabijin na nan dab da hannuna, amma ban kashe ta ba. Kiɗan biki ya ci gaba da tashi shi kaɗai.

Malam Nuhu bai kalli mahaifinsa ba, ni ya kalla. "Kai ne yaron da Baba yake ce mana ya samu ɗa a Jidda?"

Na buɗe baki, ban san me na ce ba. Ina jin na ambaci kwamfuta. (Ku duba fa, har a nan ita na so in ɗora wa.)

Baba Idi ya ajiye kofin shayinsa. Bai ɗaga murya ba. "Kwafin da za a kai gida sun tafi?"

"Sun tafi da safe, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ya gyaɗa kai. "To halas, shi ke nan."

Ya miƙe, ya yi wa jama'a sallama, ya fita. Ɗansa ya bi shi, ya riga shi zuwa ƙofa ya juya masa takalmansa.

Bai kore ni daga ɗakin ba, kuma da ya kore ni da na fi samun sauƙi. Na ba shi haƙuri har na gaji da jin muryata, kullum amsarsa ita ce, "Ai ba ƙarya ka rubuta ba." Malam Nuhu ya roƙe shi ya dawo gida, ya ce babu wanda zai ce masa uffan, su ba su ga abin kunya a gumin da ya raine su ba. Baba Idi ya ce sai baɗi. Baɗi ta zo ya ce sai wata baɗin. Ya koma sitonsa, ya ci gaba da shara har ƙafafunsa suka ƙi. A nan Jidda muka binne shi.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, kowace tsohuwa ta san shi ba tare da ta taɓa kwamfuta ba: abin da ba za ka iya faɗa wa mutum a gabansa ba, kada ka ajiye shi a bayan komai. Ni sai da dattijo ya rasa hanyar garinsu kafin na gane.