Yadda Za Ka Nemi Tallafin Bincike a Shafin Gwamnati Ba Tare da Ka Dami Gwamnati Ba

Ɗan'uwa malamin jami'a, gyara zama. Idan ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na ba ka tabbacin za ka cike fom ɗin neman tallafin bincike daga farko har ƙarshe, ka sha yabo a sashenku, a gida a riƙa yi maka sannu da zuwa da sabuwar murya, har tsawon wata huɗu cif. Abin da zai biyo bayan wata huɗun, za mu zo kansa.

Kada ka yi shakkar ƙwarewata. Shekara goma sha huɗu ina koyar da ilimin ƙwari, gara ce fannina, har ɗalibai suna ce mini Malam Gara in na ba da baya. Shekara tara daga ciki a matsayi ɗaya na yi su, a kan kujera ɗaya mai ƙafa uku da rabi. Kwamitin ƙarin girma ya ce takarduna sun isa, abu ɗaya ya rage: in nuna na taɓa jawo wa jami'a tallafi ko sau ɗaya. Duk abin da zan gaya maka, da hannuna na yi shi.

Mataki na 1: Ka sanar kafin ka fara

Ranar da sanarwa ta fito cewa an buɗe shafin neman tallafi, kuma za a rufe bayan mako shida, kada ka buɗe kwamfuta. Ka wuce ɗakin hutun malamai, ka haɗa shayi, ka ce, "Bana kam zan nema," da muryar wanda aka daɗe ana roƙo.

Daga nan sai gida. Ni a bakin ƙofar kicin na tsaya na gaya wa matata.

Ta ce, "To nawa za su ba ka?"

Na ce, "Kuɗin bincike ne, ba na cefane ba."

"Amma za a ƙara maka girma?"

"Wannan ki ɗauka an yi an gama."

Kafin in cire takalmi ta kira yayanta. Yayan nan nata shekara tara ke nan duk haɗuwarmu sai ya tambaye ni, "Har yanzu dai?" Ina ji tana cewa, "Yaya, ya ce an yi an gama." Ka ga yanzu ba ka da hanyar komawa baya, wannan kuwa shi ake kira jajircewa.

Mataki na 2: Ka guji taron horaswa

A kowace jami'a akwai ofishin kula da bincike, kuma a namu akwai wata mata da kowa ke ce wa Anti, daga masinja har shugaban jami'a. Anti za ta aiko da takarda cewa ranar Laraba za ta yi awa biyu tana nuna yadda ake amfani da shafin. Ka karanta, ka ninke, ka tokare ƙafar kujerarka da ita. Mutumin da ya rubuta kundin digiri mai shafi ɗari uku ba ya zama a koya masa danna maɓalli.

Ofishi ɗaya nake da wata tsohuwar ɗalibata da aka ɗauka aiki shekara biyu da suka wuce. Ƙaramar Dakta muke ce mata. Ita ta je taron, har da littafi da biro kala biyu. Da ta dawo ta tsaya a gefen teburina.

"Malam, ni ma ina so in nema. Kana ganin ya dace?"

Na cire tabarau, na goge, na mayar. Na ce, "Ki gwada. Ko ba komai za ki saba da faɗuwa tun da ƙuruciya."

Ta ce, "To, Malam. Na gode."

Ka riƙa ba ƙanana irin wannan shawara. Kyauta ce, kuma ba sa mantawa.

Mataki na 3: Ka yi rajista

Ka bari sai an ci mako uku. Tunani yana son sarari.

Shafin zai nemi kalmar sirri mai babban baƙi da ƙarami da lamba da wata alama da ba ka taɓa lura tana kan kwamfutarka ba. Ka ƙirƙiro wadda ko ɓarawo ba zai iya cankowa ba. Gobe za ka tarar kai ma ba za ka iya ba.

Za a ce an tura maka lambar tabbatarwa ta imel. Imel ɗin shi ne wanda ka buɗe tun kana ɗalibi, wanda ka manta hanyar shigarsa. Shi kuma zai ce ya tura maka saƙo a layin wayar da ya faɗa kwata shekara biyar da suka wuce. Kwana uku na yi a kan wannan. A rana ta huɗu na yi kuskure sau uku a jere, shafin ya kulle ni na awa ashirin da huɗu, ya kuma yi mini fatan alheri.

Mataki na 4: Ka zuba iliminka a akwatin ashana

Za ka zo da bayani mai shafi arba'in a kan yadda gara ke cin rufin azuzuwa da rumbunan manoma, da yadda za a hana ta ba tare da an zuba wa ƙasa guba ba. Aikin rayuwarka ke nan. Gurbin da shafin ya ware masa kalma ɗari uku yake ɗauka.

Ka yanke. Ka sake yankewa. Ni sai da na cire gabatarwar da na fi so a duniya, wadda ta faro daga tarihin gara tun kafin mutum ya san gini.

Ranar da na samu ɗari ukun suka zauna daidai, wani ɗalibi ya ƙwanƙwasa a kan maganar makinsa. Minti ashirin muka yi. Na juyo na tarar shafin ya gaji da jira, ya fitar da ni, ya share komai. Na daɗe ina kallon farin gurbin nan. Ƙaramar Dakta ta ɗago kai daga nata teburin ta ce, "Malam, akwai koren maɓalli a ƙasa, an rubuta Ajiye. Anti ta ce a riƙa danna shi."

Na ce, "Na sani. Gwada shafin nake yi."

Tun daga ranar, in na rubuta jimla sai in danna Ajiye. In na sa waƙafi, Ajiye. In na yi atishawa, Ajiye. Ka horar da yatsanka har ya riƙa zuwa wurin da kansa ba tare da ya nemi izinin ƙwaƙwalwa ba.

Mataki na 5: Ka farauto sa hannun shugaban sashe

Ana buƙatar wasiƙar amincewa daga Farfesa, shugaban sashe. Farfesa ba ya ƙin sa hannu, samunsa ne aikin. Litinin yana taro. Talata yana taron da aka kira don duba abin da aka tattauna a taron Litinin. Ni ranar Laraba na ritsa shi a wurin ajiye motoci, ƙafarsa ɗaya a cikin mota.

"Ranka ya daɗe, minti ɗaya."

Ya ɗora takardar a kan murfin injin ya sa hannu bai karanta ba. Ya ce, "Sai yanzu? Ai yarinyar ofishinka tun wancan makon ta karɓi tata."

Na ce, "Nawa aikin yana da zurfi, ranka ya daɗe."

Sai hatimi, wanda yake cikin durowar sakatare, sakatare kuma ya tafi asibiti da makullin. Ka samu hatimin ranar Alhamis, ka ɗauki hoton wasiƙar, ka loda. Shafin zai ce fayil ɗin ya yi nauyi. Ka rage shi, ya ce ba ya karantuwa. Karo na shida zai karɓa, a kife.

Mataki na 6: Ranar ƙarshe

Ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a ake rufewa. Ƙarfe ɗaya za a ɗauke wuta. Ƙarfe biyu intanet ɗin jami'a zai tsaya, don duk malaman ƙasar da suke da zurfin aiki irin naka sun hau shafin a lokaci guda.

Na kwashi kwamfuta na fita neman sabis. A ƙarshen baranda na same shi, kusa da tankin ruwa, inda sai ka ɗaga waya sama da kai kafin ta kama. Na zauna a kan bokitin fenti, kwamfuta a cinya, hannu ɗaya a sama, gumi yana bin gashin bakina. Ɗalibai suna wucewa suna gaishe ni ba sa haɗa ido da ni.

Huɗu saura minti goma sha biyu fayil na ƙarshe ya shiga. Yatsana ya tafi inda ya saba, ya danna. Rubutu ya fito: "An yi nasara," da wasu kalmomi a bayansa. Mai ilimi ba ya karanta abin da ya biyo bayan nasara. Na rufe kwamfuta, na yi hamdala da ƙarfi.

A ofis Ƙaramar Dakta ta ce, "Barka, Malam. An turo maka lambar shaida ta imel? Ni da na aika nawa, nan take ta shigo."

Na ce, "Ke ce ke jiran rasit. Mu mun wuce nan."

Ta buɗe baki, ta sake rufewa. Ni na koya mata kada ta yi gardama da malaminta.

Mataki na 7: Ka ci moriyar wata huɗu

Wannan shi ne matakin da ya fi daɗi, kada ka yi masa rowa. Ka sayi takalmin shiga daji. Ka zaɓi ɗalibai biyu ka ce su shirya, za ka ɗauke su aikin fili. A taron sashe ka riƙa fara magana da, "Mu da muka saba da shafin nan." Matata ta kwashe kayan ɗakin ajiya ta share shi, ta ce nan zan riƙa jera kwalaben gara, ita da ta yi shekara goma sha huɗu tana hana su shiga gidanta. Yayanta ya fara kirana Farfesa a waya. Na ce, "Haba Yaya, da saura," amma ban ce ya daina ba.

Mataki na 8: Ka kai ƙorafi

Sakamako ya fito ranar wata Talata. Sunan Ƙaramar Dakta ne na uku a jerin waɗanda suka samu. Na duba jerin sau biyu, babu ni. Na duba na waɗanda aka ba haƙuri, nan ma babu ni.

Idan haka ta same ka, ka tabbata maƙarƙashiya ce. Ka sa babbar riga ka nufi ofishin Anti. Ni ko sallama ban ƙarasa ba na fara: an danne mini haƙƙi, zan rubuta wa shugaban jami'a, zan rubuta wa ma'aikata.

Anti ta bar ni na gama. Ta danna wasu abubuwa, ta juyo da fuskar kwamfutarta wajena.

"Dakta, karanta mini abin da ke gaban sunanka."

Na matsa kusa. Na ce, "Daftari."

Ta gangara ƙasa da shafin, ƙasa da koren maɓallina, inda ban taɓa kaiwa ba. Akwai wani ɗan akwati da ake sa wa alama, a gefensa wani maɓalli mai ruwan toka. An rubuta Aika.

Ta ce, "Minti goma na yi a kan maɓallin nan kaɗai ranar taro."

"Anti, ba yadda za a yi?"

"Wata huɗu ke nan da rufewa."

Na lalubi kujera na zauna. Na ce, "Wato ba ƙi suka yi ba."

"Ba su gani ba, Dakta." Ta cire tabarau ta ajiye. "Ni na gani, bayan an rufe, da nake duba na mutanenmu. Na rasa bakin da zan gaya maka. Na karanta shi tas. Aikin yana da kyau. Shi ya fi ba ni haushi."

Da zagina ta yi, da na san abin da zan ce.

Mataki na 9: Ka koma gida

Babu dabara a wannan matakin. Na yi zagaye biyu a layinmu kafin in tsayar da mota. Na tarar da matata tana ninke wanki a falo, na gaya mata komai, har ruwan tokar maɓallin. Ta ci gaba da ninkewa har ta gama rigunan yara.

Ta ce, "Yanzu shekara nawa kuma?"

"Ɗaya. In sun sake buɗewa."

"To. Ni zan kira Yaya ko kai za ka kira?"

Ni na kira. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, Malam." Ban taɓa jin nauyin kalmar Malam irin na ranar ba. Ɗaliban nan biyu kuma da kaina na neme su na ba su haƙuri.

Bayan mako guda Ƙaramar Dakta ta zo gefen teburina ta tsaya kamar yadda ta saba. Bincikenta a kan ƙwarin da ke lalata hatsi a rumbu ne. Ta ce tana buƙatar wanda ya san gara, kuma duk ƙasar nan ba ta san wanda ya fi ni ba. Tana magana tana kallon ƙasa, sai ka ce ita ce mai neman alfarma.

"Sunanka zai zo na biyu, Malam. Ka yi haƙuri, haka tsarin yake."

Na cire tabarau don in goge, sai na mayar da shi haka nan. Na ce, "Yaushe za mu fara?"

Ta ɗauki ɗaliban nan biyu ma. Yanzu duk Talata da Alhamis muna fili. Ita ce a gaba da littafi, ni a baya da akwatin kwalabe. Kwamitin ƙarin girma ya ce suna na biyu rabin maki ne. Rabin nan ya fi duk abin da na tara a shekara tara.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya sami wanda ya bi shi, ko hawan jini ne, ko tsufa a matsayi ɗaya, ko canjin murya daga wajen surukai. Jami'a ba ta san da rubutun ba. Gwamnati kuwa, kamar yadda bayani ya gabata, ba ta taɓa jin labarina ba. Matata ta karanta shi daga farko har ƙarshe, ta gyara mini kuskure biyu, ta kuma ce in rubuta a fili cewa ita ma babu ruwanta.