Rasuwar Baba Mai Zafi, Tanderun Ɗakin Gwaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙauri, Malama Halimatussa'adiyya Ahmad ta ɗakin gwajin sinadarai na wata kwaleji a nan Kazaure ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokin aikinta, tanderun lantarki, wanda ɗalibai suka fi sani da Baba Mai Zafi. Ya rasu washegarin Babbar Sallah, bayan gajeriyar rashin lafiya mai warin kitse.

Marigayin dattijo ne mai riƙon amana. In an ce masa digiri ɗari bakwai, nan zai tsaya, ba ƙari ba ragi. Ba shi da surutu: "zuuu" in ya fara ɗaukar zafi, "ƙas" in ya kai inda aka ce. Shi ke gasa farar ƙasar da Malama ke haƙowa a gindin duwatsun Roni, har ta saki ruwan jikinta ta yarda a haɗa ta da soda. Daga nan ake samun wani farin gari, ziyolait, mai tsotse dattin ƙarfe daga ruwan rijiya. A kan wannan gari digirinta na uku ya rataya. Jami'ar da take karatun ta ƙara mata lokaci har ta gaji, ta ce wannan ne na ƙarshe: sakamako kafin wata mai kamawa ya ƙare, ko a soke sunanta.

Ga yadda ajali ya zo. Malama ta bar gashin ƙasarta na ƙarshe a cikin marigayin ya huce, ta kulle ɗaki ta tafi hutun Sallah. Sai ruwan sama ya jiƙa itacen unguwa kaf, kan rago kuma ya ƙi babbakuwa a gidan Malam Muhammadu Lawal, shugaban sashe, aminin mahaifinta, wanda ya koya mata riƙon kwalbar gwaji. Malam ya tako har gida ya ce, "'Yata, ba ni makullin nan." Ta durƙusa ta ba shi da hannu biyu. A ƙasar nan ba a tambayar babba abin da zai yi da makulli.

Malam ya lissafa cewa abin da itace zai ɓata yini a kansa, marigayin zai gama kafin a buɗe ido. Bai yi ƙarya ba. Gashin kan ragon ya kama da wuta, kitse ya narke ya kwarara kan wayoyin zafi, ya cika kasaken da gasasshiyar ƙasarta ke ciki. Aka ji "zuuu", aka ji "fat!", shi ke nan. Kan ragon ma bai tsira ba, gawayi aka fitar mai ƙaho.

Mai gyara ya zo daga Kano, ya leƙa, ya cire hula, ya ce an daina yin irin waɗannan wayoyi tun kafin ya fara koyon aiki. Ramin Roni kuwa ruwan damina ya cika shi taf. Abin da ya rage mata ɗanyar ƙasa ce a gindin buhu, sai tsoro. Tana tsoro ƙwarai. Shekarun da ta zuba a cikin tanderun nan ba ta da wasunsu, kuma wanda za ta kai wa ƙara shi ne wanda ya yi kisan.

Marigayin ya bar awartaki, da ƙaramin turmi da taɓaryarsa, da sikeli wanda tun ranar bai auna komai ba. Ya bar ƙanensa, ƙaramin tanderun busarwa, wanda zafinsa bai wuce na dafa ƙwai ba. Amma ko ta samu inda za a gasa mata ƙasar, a cikin ƙanen nan ne haɗin ƙasa da soda zai kwana garin ya fito. Shi kaɗai ya rage mata.

Malam ya zo ta'aziyya da kansa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce kowane inji da ranarsa, ya tuna mata cewa jami'a ba ta ɗaga rana. Ta ce, "Na gode, Baba." Da zai tashi sai ya miƙo hannu ya ce, "Af, ƙaramin nan fa? Kilishinmu ya ƙi bushewa." Malama ta durƙusa, ta dubi ƙasa, ta ce makullin ya ɓace. Yana ƙulle a haɓar zanenta.

Za a yi jana'iza ranar Litinin bayan azahar. Za a ɗauki gawar daga ɗakin gwaji zuwa sito na bayan kwaleji, inda magabatansa ke kwance suna jiran kayan gyara. Malam Muhammadu Lawal ne zai jagoranci rakiya, a matsayinsa na babba. Ba za a yi zaman makoki ba, don mai makokin za ta wuce tasha da buhunta. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya kawo nama. Addu'a biyu kawai take nema: Allah ya haɗa ta da tanderu mai rai kafin wata ya ƙare, ya kuma yafe mata ƙaryar farko da ta yi wa Malam.