Magagi a Turken Raƙuma

"Ni Magagi, ba a halicci ƙaiƙayin da zai sa ni bin layin likita ba!"

Da wannan kirari ɗan kawuna ya tarbe ni ran da na dawo Diffa daga Tamanrasset, yana magana yana susar hannu kamar mai kiɗan goge. Abokina, ka san irinsu. Sau ɗaya ya riƙe wa lokotoron dabbobi, wato likitansu, jaka, tun daga ranar ya zama Sarkin Sani. Hannun kuwa tun tsinkar tattasai yake cinsa, ya yi fari fat kamar kanwa. Ga shi ran Juma'a za mu raka shi Chétimari neman auren Rahma wurin mahaifinta Goni, dattijon da ko tari ka yi gabansa sai ya binciki kakanninka.

Ƙanwarsa Dije ta ce, "Yaya, ga man shafawa da ƙwayoyi daga likita. Sun ce sai da haƙuri."

"Mai? Ni ƙosai ne? Ciwo cikin jini yake, allura ce ke binsa har ɗaki. Raƙumi da girmansa, allura guda ƙazuwarsa ke zubewa."

"To kai raƙumi ne?"

"Na fi shi ilimi!"

Ya ja ni sai kasuwar dabbobi, wurin Husaini makiyayi, mai yi wa raƙuma allura. Husaini ya ce, "Wallahi ban taɓa yi wa mai ƙafa biyu ba."

"Yi mini yadda kake yi musu, kar ka rage komai!"

Husaini ya zaro allura, tsawonta kamar tsinken tsire. Sarkin Sani ya dube ta, ya tuna wai ya bar shayi kan wuta, ya zuba da gudu. Ina! Makiyayi ya saba da dabba mai gardama. Igiya ta kama ƙafa, 'yan uwan Husaini suka danne, aka ɗaure shi a turke. Ruri ya yi har raƙuman suka juyo da mamaki. Da aka gama, Husaini ya tsoma hannu cikin shuɗin fenti ya shafa masa a goshi, yadda suke yi wa dabbar da aka soka don kar a maimaita.

Ƙaiƙayi kuwa ko gezau. Hannu a ɗaure, sai ya shiga goga shi a jikin turke.

A haka Goni ya iso, ya zo sayen rago. Ya tsaya, ya zagaya turken a natse. Magagi ya washe baki: "Baba, barka da kasuwa."

Goni ya sunkuya, ya ɗaga masa leɓe, ya duba haƙora, ya share hannu a riga.

"Husaini, wannan ya kwana biyu, ga ƙazuwa, ga ruri. Kar ku wahala ku koro mini shi ran Juma'a, ko kyauta ba ni da turkensa."